Ra'ayin Kawu Ya Yi Nisa

Talata, 12:50 na rana

Rufin benen laburare ya rufto. Ina aji, ina tsakiyar rubutu a allo, na ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata, alli ya karye a hannuna. Na ɗauka babbar mota ce ta daki katanga. Kafin in juyo ɗalibai sun yi waje.

Yanzu ina ofis, na murɗa mukulli. Ta taga ina hango mutane suna gudu zuwa can. Rubutun nan a karkace yake fita, ban san ko gobe zan iya karanta shi ba.

Na shida ne. A jerin da muka fitar na gine-ginen da za a gyara, laburare na shida ne.

Talata, 5:30 na yamma

An fito da ɗalibai huɗu, biyu da karaya, biyu da rauni a ka. Allah ya sa lokacin cin abinci ne, benen ba kowa sosai. Sai kuma mai shara. Matar nan mai ɗan ɗingishi, wadda in na zo wucewa sai ta ɗaga tsintsiya ta tsaya, wai kar ta ɓata min takalmi. Ita aka fito da ita ƙarshe. Masu ɗauke da ita ba su yi sauri ba, motar asibiti ma ba ta jira ta ba.

Na hango Kawu a wurin. Yayan Mama, shugaban maginan kwalejin nan shekara talatin da ɗaya. Da hannu yake kwashe ɓaraguzai, ba safa, hular kwanonsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba. Ya ɗago ya gan ni. Na juya na nufi mota.

Baban yara ya tambaye ni ko aikin kwamitinmu ya shafi ginin. Na ce ni lissafi kawai na yi musu.

Laraba, 6:15 na safe

Bari in rubuta abin daki-daki, kamar ina yi wa 'yan aji ɗaya bayani, ko kaina ya tsaya wuri ɗaya.

Gine-gine goma sha ɗaya ke neman gyara. Uku kaɗai za a iya gamawa kafin damina. Kwamitin mutum biyar ne: Daraktan ayyuka, injiniyoyi biyu, mai zanen gini, da Kawu. Wata biyu suna zama, kowa na jan nasa, har sau ɗaya Darakta ya daki tebur ya fice. Sai aka tuna akwai wata a sashen lissafi da ta yi digirinta na uku kan yadda ake haɗa ra'ayoyin mutane su zama matsaya ɗaya. Ni ce watan. Na tafi da kwamfuta a hammata, ina ji da kaina.

Ba na tambayar mutum lamba, don mutane ba da lamba suke tunani ba. Kalma biyar nake ba su, su zaɓa wa kowane gini ɗaya: babu haɗari, kaɗan, matsakaici, mai yawa, mai tsanani. A wurina kowace kalma fili ce mai tudu a tsakiya, gefenta yana shiga cikin na maƙwabciyarta, tunda tsakanin matsakaici da mai yawa babu katanga. Ɗalibaina suna ce masa lissafin dishi-dishi. Kawu da ya ji, ya ce a'a, lissafin masu ciwon ido dai.

Sai in haɗa na su biyar, kowa da nauyinsa, in fitar da ra'ayin taro. Daga nan in auna jituwa: sifili in kowa ya kama gabansa, ɗaya in baki ya zo ɗaya. Sai awon ya kai 0.85 ake rufe maganar gini. In bai kai ba, kwamfuta ta nemo wanda ya fi nisa da sauran, ta buga masa 'yar takarda: ra'ayinka ya yi nisa, duba ko za ka matso. In ya ƙi, a rage masa nauyi a zagaye na gaba. Haka yake a littattafai, ba ni na ƙirƙiro ba. Ni dai na gyara shi, na ƙara masa kyau.

Babu kuskure a lissafin. Jiya da yamma na bi shi layi-layi, sau biyu.

Laraba, 2:00 na rana

An rufe kwaleji kwana uku. An binne mai sharar da safe. Ban je ba.

Alhamis, 11:40 na safe

Darakta ya kira ni ofishinsa. Ya kashe fanka don takardu kar su tashi, muka zauna cikin zafi. Idonsa ja wur, da gani shi ma bai huta ba.

Ya ce an kafa kwamitin bincike, mutum uku daga waje, kuma ya miƙa musu rahotonmu na ƙarshe mai sa hannun mutum biyar. Ya ce, "Zagayen baya ai hirar cikin gida ce, Dakta. Ke da bakinki kika ce sirri ne, kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro."

Na ce, "Haka ne, yallaɓai."

"Takardun mun yayyaga tare. Na kwamfutar fa, kin goge?"

Na ce na goge.

Ban goge ba. Yaya zan goge, da su na rubuta maƙalar da na aika mujalla? Har hoton takardun na ɗauka da waya kafin a yaga. Bakina ne ya riga ni, na fito ina mamakin yadda ƙaryar ta fita ba ko gargada.

Alhamis, 6:00 na yamma

Kawu bai kira ba.

Juma'a, 9:20 na safe

Mama ta zo ba ta ko aiko ba. Ta ƙi zama, ta tsaya a tsakar falo da mayafi a kafaɗa. An kai wa Kawu takardar dakatarwa jiya. Dalili: shi kaɗai ne a kwamitin ya hau cikin silin ya duba da idonsa, kuma a rahoto an ga "matsakaici" kusa da sunansa. Wai sakaci. Wai in bincike ya tabbatar, maganar za ta wuce hannun kwaleji ta koma ta 'yan sanda.

Ta ce, "Ke da kike cikinsu, bakinki ciwo yake? Mutumin da ya ɗauke ki a keke shekara shida yana kai ki makaranta. Ya tsufa da mutuncinsa, yanzu a ƙarshe za a ce shi ya kashe matar mutane."

Na ce, "Mama, ni lissafi kawai na yi."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ki lissafa min yadda za a yi yayana ya fita." Ta sa takalmi ta tafi, shayin da na haɗa mata yana nan ya huce.

Asabar, 10:05 na safe

Na buɗe fayil ɗin. Kwana huɗu ina kewaye shi.

Laburare, zagaye na ɗaya: huɗu sun ce matsakaici, Kawu ya ce mai tsanani. Jituwa 0.68. An buga masa takarda.

Na biyu: mai tsanani. Nauyinsa ya sauka daga 0.20 zuwa 0.14. Jituwa 0.75.

Na uku: mai tsanani. Nauyi 0.09. Jituwa 0.81.

Na huɗu: matsakaici. Jituwa 1.00.

Duk wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne wanda na gani da na sa kwamfutar ta jera gine-ginen tun daga zagayen farko. Ban taɓa yi ba, don na tsara ta ne kar ta nuna jeri sai an jitu. A zagayen farko laburare na uku ne. Na uku. Yana cikin waɗanda za a gyara. Da mun tashi tun ranar, da rigimarmu da komai, da yanzu akwai sabon rodi a rufin nan. Mu muka zauna sau huɗu muna gyara jituwa har muka tura shi na shida.

Na sake lissafawa da hannu, da biro, kamar 'yar sakandare. Na uku ne.

A hoton takardarsa ta zagayen farko akwai rubutu a gefe, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza: "Ruwa ya ci rodin babban bim mai ɗauke da rufin. Na sa yatsa ya shige." Na tuna na gani a lokacin. Tsarina ba shi da gurbin da ake zuba irin wannan magana, sai na shigar da kalmar kawai na wuce ta gaba.

Asabar, 4:30 na yamma

Na duba wayata. Sunan Kawu yana nan a jerin kira, wata biyu da suka wuce. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Na ajiye wayar a kife.

Litinin, 8:15 na safe

Saƙo daga mujalla. Sun karɓi maƙalata. Ɗaya daga masu dubawa ya rubuta cewa abin burgewa ne a ga cikakkiyar jituwa cikin zagaye huɗu kacal, a aiki na zahiri ba na gwaji ba. Shekara uku ina jiran saƙo irin wannan. Na karanta shi a tsaye a kicin, ruwan zafi yana tafasa har ya ƙone a butar.

Talata, 3:45 na yamma

Na je gaisuwa gidan mai shara. Sati guda cif. Ɗaki biyu ne a bayan wani gareji, an shimfiɗa tabarmi a waje. 'Yarta babba, tela ce, ta tarbe ni, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Ke ce Daktar lissafi? Tana yawan zancenki, wai ke kaɗai ce ke gaishe ta da suna."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Muna zaune ta ce, ba don ƙorafi ba, hira ce kawai ta kawo, wai tun bara mahaifiyar tata ke cewa kullum da safe sai ta kwashe yashi cikin abin kwasar shara a ƙarƙashin wuri ɗaya a benen. Ta share yau, gobe ya dawo. Kwanan nan ma har da ɓarɓashin tsatsa. Na ce ta faɗa wa wani? Ta ce ta faɗa wa tsohon maginin nan, shi ne ma ya ɗauko tsani ya hau. "Sauran kuwa, Dakta, wa zai tsaya ya tambayi mai shara?"

Na yi musu addu'a na fito. Na zauna a mota kusan rabin awa ban tayar ba.

Laraba, 7:00 na safe

Kawu bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Ba na iya taɓa sunansa a wayar.

Alhamis, 5:50 na yamma

Na je gidansa. Yana zaune a baranda kan bencin da ya ƙera da kansa, hannayensa biyu a naɗe da bandeji, matarsa ce ke ba shi ruwa a baki. Ya rame cikin kwana tara kamar wanda ya yi jinyar wata. Da ya gan ni ya ce, "Uwata, an tuna da mu? Ko ciwon idon ne ya hana ki ganin hanya?" Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Da matarsa ta shiga ciki na ce, "Kawu, ban goge komai ba. Zagaye huɗun suna nan, har da abin da ka rubuta a gefe. Zan kai wa masu bincike."

Na ɗauka zai ji daɗi. Ya kalli bandejin, sannan ya ce, "Ke da karatu, amma wani lokaci sai ki yi tunanin yara. Yanzu cewa suke tsoho ya hau bai gani ba. In kika kai musu wannan, za su ga sau uku na ce mai tsanani, sannan na ɗauki biro na sa hannu kan matsakaici. Me za su ce? Ya gani, ya sani, ya yi shiru. Wanne ya fi muni?"

Wallahi ban hango wannan ba. Ni da nake koyar da yadda ake bin hujja mataki-mataki, ban hango ba. Takardun su kaɗai ƙara nutsar da shi za su yi, sai in an faɗi abin da ya sa ya sauya.

Na ce, "Sai dai in na gaya musu…"

Ya ce, "Babu sai dai in. Ni na gama nawa, shekara ɗaya ta rage min. Ke yanzu kika fara, ga yara. Ban yarda ba, kuma ko uwarki kar ta ji. Tashi ki tafi gida kafin hanya ta cushe."

Na tashi. Kullum in ya ce tashi, tashi nake.

Juma'a, 1:10 na rana

An buɗe kwaleji tun Litinin. An kewaye laburaren da kwano. Na shiga aji yau, darasin haɗa ra'ayoyi ne, kamar da gangan. Na rubuta kan darasin a allo na tsaya ina kallonsa. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce su karanta babi na biyar, na fito.

Asabar, 9:30 na safe

Ni lissafi kawai na yi.

Asabar, 9:50 na safe

Ƙarya ne. Littafin nan ba wanda zai karanta shi, amma har a cikinsa ina ɓoyewa. To ga shi.

Bayan zagaye na uku, ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma, na kira shi. Dokar da ni na rubuta ta ce mai lissafi ba ya magana da 'yan kwamiti tsakanin zagaye. Na kira shi daga ofis, ƙafata a kan kujera, ina cin biskit.

Na ce, "Kawu, kai kaɗai ka rage fa. Gini goma an rufe, saura naka."

Ya ce, "Uwata, na ga rodin nan da idona."

Na ce, "Injiniyoyi biyu sun duba zane, sun ce ginin zai kai shekara biyar. Mutum huɗu ne, Kawu. Kar ka ba ni kunya a gaban mutane, aikina na farko ke nan da aka ba ni. Mataki ɗaya kawai za ka matso."

Har da dariya na yi. Na ce masa ya cika taurin kai, duk gidanmu a wajensa muka gada. Sai ya ce, "To, shi ke nan." Washegari bai matso mataki ɗaya ba, biyu ya yi, ya zo daidai inda sauran suke. Da 1.00 ta fito a allo har tafi aka yi. Darakta ya ce da ya san haka lissafi yake da tuni ya koma makaranta.

Ga wanda ya fi ci min rai. Ba na bukatar kiran. Da na ƙyale shi, zagaye ɗaya kawai, nauyinsa ya ƙara sauka, awon ya haura 0.85 da kansa, a rufe magana. Laburare ba zai shiga ukun ba duk da haka, wannan laifin tsarin ne, kuma tsarin nawa ne. Amma da sunan Kawu yana nan a rahoton ƙarshe kusa da "mai tsanani", da yau ba mai iya ɗaga masa yatsa. Ni ce ban so a ga mutum ɗaya a gefe a cikin maƙalata. Ina son teburin ya fito tas.

Lahadi, 4:20 na yamma

Na faɗa wa Baban yara. Yana gyaran famfon bayan gida, na tsaya a kansa na faɗa duka ba tare da na numfasa ba. Ya ajiye sifana a hankali.

Ya ce, "Shi ya ce ki yi shiru?"

Na ce e.

"Wancan karon ke kika ce ya yi shiru, ya yi. Yanzu shi ya ce ki yi. Haka za ku yi ta yi wa juna?"

Na ce aikina zai iya tafiya. Ya ce ya sani. Ya ce ba zai ce min yi ko bari ba, amma shi dai ba zai iya zuwa gidan Kawu ya ci abinci ya dube shi a ido ba in aka tafi a haka. Ya ɗauki sifanarsa ya ci gaba, ruwa yana ɗiga masa a gwiwa.

Litinin, 12:00 na rana

Na rubuta wa mujalla na janye maƙalar. Layi biyu. Na rubuta wa masu bincike ina neman su saurare ni. Sun ce Laraba, ranar da za su saurari Kawu.

Talata, 6:40 na safe

Ban ci komai ba tun jiya da rana. Ba tsoro ba ne kaɗai. Kunya ce, irin wadda take sa mutum ya ji fatarsa ta yi masa yawa.

Laraba, 3:15 na yamma

An yi.

Ɗakin taro na ƙasa, dogon tebur, su uku a can gefe. Shugabarsu tsohuwar injiniya ce, mai furfura, ba ta ɗaga murya. Darakta yana zaune ta dama. Kawu ta hagu, ya sa rigarsa mai kyau, an cire bandejin hannu ɗaya. Da na shigo da kwamfuta ya dube ni sau ɗaya ya girgiza kai kaɗan. Na yi kamar ban gani ba.

Na nuna zagaye huɗun a bango. Na nuna rubutunsa na gefe. Na nuna na uku da ya koma na shida. Darakta ya ce, "Dakta, ai kin ce…" Shugabar ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Ta ce, "Tambaya ɗaya. Mutum huɗu sun duba zane a ofis, ɗaya ya hau silin. Tsarin naki ya san wanda ya hau?"

Na ce, "Bai sani ba, ranki ya daɗe. Nisa kawai yake aunawa."

"To wanda ya yi nisa don ya ɓata, da wanda ya yi nisa don shi kaɗai ya je ya gani, yaya yake bambanta su?"

Na ce ba ya bambantawa. Shekara bakwai ina wannan fanni, ba wanda ya taɓa yi min tambayar a haka, ni ma ban yi wa kaina ba.

Sai ta juya ga Kawu ta ce, "Baba, sau uku ka tsaya. Me ya sauya ka a na huɗu?"

Ya buɗe baki, na san abin da zai ce, zai ce tsufa ne, ya ruɗe. Na riga shi. Na faɗi ranar, na faɗi lokacin, na miƙa wayar su gani. Na maimaita abin da na ce masa kalma-kalma, har da kar ka ba ni kunya. Muryata ba ta yi rawa ba, ban san dalili ba.

Shugabar ta ce, "Haka aka yi, Baba?"

Ya dubi hannunsa mai bandeji. Sannan ya ce, "Ta kira ni. Amma hannuna ne ya riƙe biron."

Da aka tashi ya fita ta ɗaya ƙofar. Na bi shi har bakin titi, ya riga ya shiga motar haya.

Alhamis, 10:00 na safe

Mama ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kira ta ce, "Ashe ke ce." Na ce ni ce. Ta ce, "Kuma kika tsaya a falonki kina ce min lissafi." Ta kashe.

Lahadi, 5:00 na yamma

Kawu bai kira ba.

Talata, 11:30 na safe

Shugaban sashe ya karɓi azuzuwana ya ba wani, sai abin da hukuma ta yanke. Ya yi min magana da taushi, yana kallon tebur. Na kwashe littattafaina a kwali biyu. A matakala na haɗu da ƙaramin injiniyan kwamitin, ya gaishe ni a gurguje, sannan ya dawo ya ce, a hankali, shi ma a zagayen farko zuciyarsa ta so ta bi ta Kawu, amma ya ga ogansa ya rubuta matsakaici. Na ce me ya sa yake gaya min yanzu? Ya ce bai sani ba.

Juma'a, 6:10 na yamma

Sakamako ya fito da safe. Sun wanke Kawu daga sakaci. Sun ce ya gano haɗarin, ya faɗa a rubuce, tsarin da mai tsarin ne suka danne maganarsa. An janye dakatarwar. Darakta zai amsa tambayoyi kan rahoton da ya miƙa rabi. Ni kuma an tura maganata kwamitin ladabtarwa. Na karanta nawa sashen ban ji komai ba, nasa na yi ta maimaitawa ina kuka a mota.

Ban kira ba, na ɗauki kwafin na tafi da kaina. Yana baranda, yana goge cokalin gininsa da tsumma, ko da yake ba abin da ya same shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce, "Kawu, sun wanke ka." Ya ce in karanta masa. Na karanta tun daga sama har ƙasa, bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Su nawa ne?"

Na ce, "Uku."

"Duka ukun suka yarda?"

"Duka, Kawu. Ga sa hannunsu."

"Babu wanda ya ce a'a?"

"Babu."

Ya karɓi takardar da hannun da ya warke, ya dube ta kamar yana neman tsaga a bango, ya ninke ta biyu ya miƙo min. Ya ce, "Matar nan ni ta zo ta samu. Ba Darakta ba, ba ke ba. Ta kama hannuna ta nuna min yashin, na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan yi magana. Kullum ta gan ni sai ta ce, Baba, an yi maganar? In ce an yi. Ranar da na sa hannun nan ma ta tambaye ni, na ce mata an yi."

Na ce, "Kawu, ni na sa ka."

Ya ce, "Kin faɗi naki a gaban mutane, kin kyauta, Allah ya yi miki albarka. Nawa daban ne. Su uku sun ce ba ni da laifi. Ni na ce ina da shi." Ya ɗauki tsumman ya ci gaba da goge cokalin. "Ki riƙe takardarki. A wannan kam ba zan matso ba."